Tsakanin Rami da Rumbu

Duk wanda ke zaune a ƙasar Funtua da Malumfashi, ko yake bin kasuwanninta daga Bakori zuwa Ɗandume, daga Ɗanja zuwa Sheme, ya san cewa a 'yan shekarun nan wata magana ta shiga bakin samari ta zauna daram, har ta kai idan ka ga biyu sun keɓe a gindin inuwa, galibi ita suke yi, watau maganar zinare: wane ya tafi ƙasar Anka, wane yana dajin Birnin Gwari, wane kuma tun da labarin zinaren Jado ya ɓulla a 2014 ya bi mota zuwa Agadas, bai komo ba sai da babur da kuɗin aure. A da, sai an kai amfani gida, an ɗaure dawa, an cika rumbu, sa'an nan saurayi ya yi sallama da iyayensa ya tafi cin rani. Yanzu kuwa ana tsakiyar maimai za ka ji an ce ɗan gidan wane ya ajiye fartanya ya bi abokansa. Masana duwatsu ma sun daɗe da sanin cewa jerin duwatsun da ke ɗauke da zinare a Anka da Maru da Birnin Gwari yana da ɗan'uwa a nan, wanda suka laƙaba wa sunan Malumfashi, saboda haka ba mustahili ba ne wata rana ramin da muke jin labarinsa daga nesa ya buɗe a bayan gonar ɗayanmu.

Malamai sun yi magana a kan halaccin wannan nema, hukuma ta dube shi ta fuskar tsaro, iyaye kuma suna dubansa ta fuskar abin da yaro zai aiko. Ni abin da nake so mu yi nazari a kansa shi ne gidajen da ake kwana a cikinsu da rumfunan da ake ciniki a ƙarƙashinsu a wuraren haƙo, domin a ganina da su ake gane ko dukiyar da ta fito daga cikin ƙasa za ta raya wurin ta mai da shi gari, ko kuwa za ta bi ta kansa ta wuce ta bar kufai. Ba kuwa sai mun ƙetare teku neman misali ba, gama kakanninmu sun yi garin haƙo tun kafin Bature ya san hanyar ƙasar nan.

Garin shi ne Liruwe, wanda yau ake ce wa Riruwai, a can ƙarshen kudancin ƙasar Kano, cikin duwatsun da ke Ƙaramar Hukumar Doguwa, inda iyakar Kano da Zazzau da Bauchi suka kusanci juna. A ƙarni na 19 wurin bakin daga ne, nesa da ganuwar birni, kusa da duwatsun da ikon sarakuna bai gama ratsawa ba, amma kuza da ke cikin rafukansa ta sa mutane suka yarda da zama cikin hatsari. Ana ɗebo yashin rafi a ƙwarya, a yi ta rairaya cikin ruwa har yashi mai sauƙi ya tafi, baƙar kuza mai nauyi ta kwanta a gindi. A shanya ta, a zuba ta a tanderun yumɓu tare da gawayi, masu zuga su yi ta aiki har ƙarfen ya narke ya gangaro. Hikimar da ta fi ba ni sha'awa ita ce ta zubi, domin sukan jera tsinken ciyawa cikin danshin toka, su zare shi ya bar siraran ramuka, su kwarara narkakken ƙarfen a ciki, in ya huce sai a fito da shi tsinke-tsinke, fari fat, ba su wuce tsawon kamu ba, a ɗaure su dami-dami yadda fatake za su ƙirga su ɗora wa jaki ba tare da gardama ba. Baturen nan Clapperton, da ya shiga kasuwar Kano a 1824, ya lissafa wannan ƙarfe cikin hajar da ƙasar da kanta ke fitarwa, maƙeran farfaru na Kano da na Bida kuma da shi suke wa tasoshin tagulla farin shafe.

Abin lura a nan shi ne, dukkan aikin, tun daga rafi har zuwa damin da ke kan jaki, a wurin ake gama shi, kuma a hannun mutanen wurin yake. Tanderu ba ya ci sai da mai sarar ƙirya ya ƙona gawayi, ba ya tashi sai da magini, zugazugi na bukatar baduku, fatake na bukatar mai masauki da dillali, jama'ar duka kuma na bukatar manomi da mahauci da mai koda da liman. Sanin narki gado ne, ɗa yana koya a gaban ubansa, wanda kuwa ke fatan ɗansa ya gaje shi ba ya gina bukkar da zai bari bayan wata uku. Gida yake yi mai zaure da rumbu, ya haƙa rijiya, ya dasa itacen da bai tabbata zai sha inuwarsa ba. Hujjar wannan ta bayyana a lokacin da masifa ta zo. Wajen 1846 Malam Hamza da jama'arsa suka bar Tsakuwa suka shige duwatsun Ningi, daga nan kuma hare-haren Ningawa suka addabi kudancin Kano shekaru da dama, har Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya ɓatar da babban rabo na zamaninsa yana fama da su. Masu narkin Liruwe suka tashi, amma da iyalansu da sana'arsu da sunan garinsu suka tashi, suka je ƙasar Bauchi suka kafa wani Liruwen, wanda aka sani da Liruwen Dalma, suka sake hura wuta. Jama'ar da yaƙi ya kora ta iya ɗaukar garinta ta dasa shi a wani wuri, lalle ba tarin baƙi ba ce da kwaɗayi kaɗai ya haɗa.

Abin da Ningawa suka kasa, kamfani ya yi shi. Waɗannan tsinkayen ƙarfe su ne suka ja hankalin Kamfanin Neja, har a 1902 da 1903 ya aika masu bincike su bi sawunsu zuwa tushe, suka kai ga tsaunukan Jos; wajen 1910 kasuwar hannun jari ta Landan ta rikice da zancen kuzar Nijeriya, a 1914 ƙaramin layin dogo daga Zariya ya isa Jos, aka raba rafuka ga kamfanoni da takarda, aka riƙa kwashe kuza ɗanya zuwa Ingila a narka a can. Cikin 'yan shekaru tanderun Liruwen Dalma suka mutu, jikokin gwanayen narki suka koma lebura. A maimakon gari sai aka sami bariki: layin bukkokin ciyawa a gefen rami, heluma ne mai faɗa a ji, abinci bashi ne a hannun mai tuwo har ranar biya, ranar biyan kuwa mai caca da mai burkutu da karuwa suna jira a bakin layi. Mutanen Katsina da Kano da Zazzau sun yi ta zuwa neman kuɗin haraji, kowa da niyyar komawa gida kafin ruwa ya sauka, saboda haka babu wanda ya ga dalilin gyara ɗakin da yake kwana. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa kuzar can, sai aka shiga ɗiban mutane da ƙarfin hukuma daga lardunan Arewa har zuwa 1944, aka zuba su cikin sanyin dutse ba bargo ba isasshen abinci, da yawa ba su komo ba. Tsofaffin ƙauyukanmu da suka riski wannan zamani ba su taɓa ambatonsa da alheri ba.

A can Amurka ma haka ƙissar take, sai dai ta fi tamu shahara. An ga zinare a Kalifoniya a Janairun 1848, San Faransisko kuwa, wadda mutanenta ba su wuce kimanin 1,000 ba a lokacin, ta kai wajen 25,000 cikin shekara biyu; waɗanda suka yi arziki mai ɗorewa galibinsu masu sayar da shebur da tufafi da gari ne, masu haƙon kuwa akasarinsu sun koma hannu rabbana. Akwai wani gari Bodie a cikin duwatsun jihar, wanda wajen 1880 ya tara dubban mutane da mashaya fiye da 60, shagunansa na katako ne da ake ɗaga musu fuska ta gaba su yi kamar bene alhali bayansu ɗaki ɗaya ne. Da jijiyar zinare ta ƙare aka watse, yau babu mazauni sai masu gadi da 'yan kallo. San Faransisko ta rayu ne domin tana da tashar jiragen ruwa, a bayanta kuma akwai kwarin noma da ya ci gaba da ciyar da ita bayan an manta da ramukan.

To, mu komo gida. Funtua kanta ai garin baƙi ce da ta tashi da sauri. Tsohon gari a wannan yanki Maska ne, mai masaƙa da marina, sai da layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa a ƙarshen shekarun 1920, aka kafa injin gurzar auduga a Funtua da Malumfashi, aka yi gonar iri a Daudawa, sa'an nan Bayarabe da Ibo da Banufe da Bakano suka taru, kanti ya bi kanti; Sarkin Maska ma a Funtua yake zaune. Wanda ya ga garin a farkonsa zai iya cewa shi ma bariki ne. Amma dukiyar da ta tara mutanen dukiya ce da damina ke sabuntawa kowace shekara, shi ya sa ɗan kasuwar da ya zo da tabarma ya ƙare da gina soro, ya aurar da 'ya'yansa a nan, aka binne shi a nan. Na san auduga ta faɗi, masaƙu sun durƙushe, injinan gurza da yawa sun yi shiru, kuma wannan rashi ne babba da har yau muke jin zafinsa. Amma gonar da ta daina auduga ta karɓi masara da waken suya da shinkafa, manyan motoci kuma ba su fasa lodi a Ɗandume ba. Ƙasar noma tana karɓar sauyi; ramin da aka kwashe abin da ke cikinsa kuwa babu abin da za a sake shukawa a ciki.

Yanzu a dubi inda samarinmu ke zuwa. Sansani ne na leda da buhu da kara, an kafa shi cikin mako guda a inda jiya daji ne. Mai shayi da mai cajin waya da mai sayar da ruwa a jarka su ne farkon masu rumfa, sai mai injin niƙa, sai mai zaiba, sai mai ɗan sikeli da ke zaune da jakar kuɗi, wanda shi ke yanka farashi kuma shi ke riƙe da ma'auni. Komai na sayarwa ya ninka kuɗinsa na gari. Akwai ubangida da ke ciyar da 'yan rami bashi, in an dace ya cire nasa tukuna kafin a raba saura, in ba a dace ba bashin ya bi yaro zuwa wani ramin. Ba masai, ba makaranta, ba mai unguwa, masallacin ma jeren duwatsu ne aka yi wa alƙibla. Kuma tun da babu wanda ke nufin ya kwana biyu, babu wanda zai tsawata wa wani a kan ƙwaya ko makami. Wannan bariki ne irin na Jos, sai dai ba shi da ko heluman da za a kama in abu ya ɓaci.

Mafi muni daga barin gida a tafi rami shi ne a ɗauko ramin a kawo shi cikin gida, abin da ya faru ke nan a ƙasar Anka da Bukkuyum. Da farashin zinare ya hau, sai mutanen Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega da maƙwabtansu suka riƙa kawo duwatsun cikin gidajensu, saboda tsoron ɓarayi da kuma don mata su sami abin yi daga cikin kulle. Ana fasa dutse da guduma a tsakar gida, ana daka shi a turmin da ake surfe, ana niƙa shi a injin da ke niƙa hatsi, ana shanya garinsa a inda ake shanya tsaba, ƙurar kuma ta sauka a kan tukunya da randa da tabarma. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki, kamar yadda kowane yaro ke yi tun da aka halicci duniya. Ba wanda ya san dutsen cike yake da dalma. A 2010, da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura, aka bincika, aka tarar yara fiye da 400 sun rasu, dubbai kuma gubar na cikin jininsu, wasu ta taɓa musu ƙwaƙwalwa taɓawar da ba ta warkewa. Magani bai yiwu ba sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje ɗaya bayan ɗaya aka zuba sabuwa, domin in an ba yaro magani ya koma wannan ƙasar, an yi aikin banza. Bagega kuwa sai 2013 aka kai gare ta, saboda jinkirin sakin kuɗi. A 2015 abin ya sake aukuwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Waɗannan iyaye ba mugaye ba ne, talakawa ne da babu wanda ya zo ya gaya musu inda ya kamata sana'a ta tsaya gida ya fara.

Na san abin da za a ce mini, kuma gaskiya ne: mai ƙoshi ne ke wa'azin rumbu. Saurayin Faskari ko Sabuwa ko Ƙanƙara da 'yan bindiga suka hana shi zuwa gonarsa, ko suka ce sai ya biya kafin ya girbe, wanda buhun taki ya fi ƙarfinsa, wanda gadon gonar ubansa da aka raba tsakanin 'ya'ya goma bai kai a juya garmar shanu ba, ba za a tsayar da shi da tarihin Liruwe ba, ni ma ban ce a tsayar da shi ba. Hani kaɗai an gwada shi: Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙo a Zamfara a Afrilun 2019, ba ta ɗage ba sai Disamban 2024, a tsakanin nan kuwa ramuka ba su rufe ba, harbi bai tsaya ba, illa dai aikin ya koma hannun wanda ke da bindigar kare shi. Abin da aka hana a sarari ba tare da an ba mutane madadinsa ba, duhu yake komawa, a duhu kuwa babu mai duba sikeli, babu mai auna ƙura.

Magabatanmu ba su bar wannan babi babu hukunci ba. A mazhabar Malikiyya, wadda ita alƙalan ƙasar nan suka yi ta hukunci da ita, al'amarin ma'adini yana hannun shugaba, shi ke ba da izinin haƙa bisa maslahar jama'a, ba ya zama mulkin wanda ya riga isa ko ya fi ƙarfi. Abin da aka fitar na zinare, in ya kai nisabi na dinari 20, ana fitar da rubu'in ushurinsa ran da aka tace shi, ba a jiran shekara ta kewayo. Ma'anar wannan ita ce dukiyar cikin ƙasa tana da haƙƙin waɗanda ba su shiga ramin ba. Dokar Nijeriya ma, a kan takarda, ba ta yi nisa da haka ba, gama tsarin mulkin 1999 ya sa ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya, dokar ma'adinai ta 2007 kuma ta shar'anta neman yardar mai ƙasa da ƙulla yarjejeniya da jama'ar wurin kafin a fara aiki, ta kuma buɗe wa ƙananan mahaƙa ƙofar haɗa ƙungiya su sami lasisi. Illar ita ce ikon yana Abuja, ramin yana bayan gari, tsakaninsu kuwa babu kowa.

A nan ne nake tuna wasiƙar da Muhammadu Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje a kan usulubin siyasa, inda ya lissafa cikin wajiban shugaba ya kula da masu sana'a, manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa, ya zaunar da su a kowane gari gwargwadon bukatarsa, ya gyara kasuwanni da hanyoyi, ya sa a tanadi abinci. Ga sarkin ƙasarmu aka rubuta ta, kuma aikin da ta ɗora shi ne ainihin abin da wuraren haƙo suka rasa. Ina ganin wajibi ne Galadiman Katsina a Malumfashi, da Sarkin Maska a Funtua, da Makama a Bakori, da sauran hakiman kudu, tare da shugabannin ƙananan hukumomi, su zauna tun rami bai buɗe ba su tsara abin da za a yi in ya buɗe: a keɓe wurin niƙa da wanki nesa da gidaje da rijiyoyi da mashayar dabbobi, a haramta shigo da dutse cikin gari haramci mai horo, a sa muhtasibi a kan sikeli kamar yadda ake sa ido a kan mudu a kasuwar hatsi, dagaci ya san sunan kowane baƙo da garinsu, a hana yaran da ba su balaga ba shiga rami, a kuma yanke wani kaso sananne da za a zuba a rijiya da aji da ɗakin shan magani na ƙauyen da aka haƙa ƙasarsa. Limamai su faɗi maganar dalma a kan mumbari da sunanta, yadda matan da ke bayan katanga za su ji, domin su ne masu turmi.

Sai maganar gona, wadda ita ce ta fi damuna. Ran da aka ce an ga zinare a wani fegi, masu kuɗi za su zo da abin da mai gonar bai taɓa riƙewa ba, in kuwa ya sayar, ya sayar da abincin jikokinsa a kan kuɗin da ba zai kai shekara uku ba. Wanda ya bi ta Bukuru da Barikin Ladi ya ga tafkunan da kamfanonin kuza suka bari da tuddan jar ƙasa da ko ƙaya ba ta son fitowa a kansu, alhali kasuwar kuzar ta rushe tun 1985, masu ribar kuma sun daɗe da komawa ƙasarsu. Saboda haka kada a sayar. In ya zama dole, a ba da haya ta shekaru ƙididdigaggu, a rubuta a gaban dagaci da alƙali da shaidu, a sa sharaɗin cewa za a kankare ƙasar sama a tara ta gefe guda kafin a fara haƙa, a cike ramin a mayar da ita in an gama, kuɗin cikewar kuma a karɓe shi tun farko a ajiye a hannun amintacce, domin mai haƙon da jijiya ta ƙare masa ba ya kwana a wurin, balle a same shi da safe a yi masa zancen alkawari.